Salbiyar Tukunya Ba Ta Cancanci Mutuwar Shekara-Shekara Ba

Shekarar 2022 ta yaudari masu lambu a Birtaniya. A ranar 19 ga Yuli aka auna zafin da ya kai digiri 40.3 a ma'aunin Salshiyas a garin Coningsby, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ƙasar, kuma ɗumin bai janye da wuri ba. Har cikin Nuwamba furanni na ta buɗewa a ƙofar gidaje. Sai watan Disamba ya shigo da ƙarfinsa. Cikin 'yan kwanaki ƙasa ta daskare, a ranar 13 ga wata ma'auni ya sauka zuwa digiri 17.3 ƙasa da sifili a Braemar da ke Sukotland. Tsirran da har lokacin suke ɗauke da ɗanyen toho ba su samu zarafin shiri ba. Da Afrilu ya kama aka shiga kwashe busassun karare daga tukwane, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da salbiya.

Asarar ba ta hana kowa barci ba. Kantunan tsirrai suka cika da sababbin tukwane, mutane suka zaro kuɗi suka saya, aka ɗora daga inda aka tsaya. Haka ake yi kusan kowace shekara, ko sanyin ya tsananta ko bai tsananta ba: a sayi salbiya a watan Mayu, a more furenta har Oktoba, a bar ta a waje ta mutu, a jefa ta a bola tare da tukunyar robarta. Almubazzaranci ne da aka saba da shi har ya daina ɗaga wa kowa hankali. Shukar da ake zubarwa mai dogon kwana ce, tana iya shekara da shekaru a tukunya, kuma abin da take bukata don ta tsallake watannin sanyi bai taka kara ya karya ba. Abin takaicin ma, da yawa cikin waɗanda suka yi niyyar ceto ta da hannunsu suke kashe ta, da butar ban-ruwa da ɗumin falo.

Mai karatun da bai taɓa jin sunan salbiya ba ya san danginta. Gida ɗaya suka fito da ɗoɗɗoya da na'ana'a, kuma alamar gidan tana jikinta: kara mai kusurwa huɗu, ganye bibbiyu suna fuskantar juna, ga ƙamshi idan aka murza. Nau'o'inta sun doshi 1,000. Wasu 'yan gaɓar tekun Bahar Rum ne, irin wadda Turawa ke sa wa a girki. Wasu daga tsakiyar Turai da Asiya suke, waɗannan ko a jikinsu in ƙanƙara ta sauka. Amma kusan rabin dangin 'yan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, Meziko kaɗai tana da wajen 300. Su ne masu launin da ke ɗauke ido, ja wur da shuɗi da shunayya, domin a can gida wasu 'yan ƙananan tsuntsaye masu dogon baki ne ke shan zaƙin furen da yawa daga cikinsu, suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Cikin su ne kuma ake samun waɗanda ba su san daskarewa ba.

Uku daga cikin waɗanda suka fi cin kasuwa a yau duk tsintuwa ce. Amistad, mai fure shunayya da gindin fure baƙi-baƙi, wadda kan haura mita ɗaya a tsawo, wani masanin tsirrai ɗan Ajantina mai suna Rolando Uría ne ya hango ta a wurin baje-kolin tsirrai a ƙasarsu. Hot Lips, mai fure rabi ja rabi fari, daga Meziko wata mata ta zo da ita Kalifoniya, editan wata mujallar lambu, Richard Turner, ya gan ta a wurinta, daga nan ta bi ta lambun tsirrai na San Francisco ta watsu. Wendy's Wish kuwa da kanta ta tsiro a 2005 a lambun Wendy Smith a jihar Victoria ta Ostireliya, matar ta nemi a riƙa ba gidauniyar Make-A-Wish, mai cika wa yara marasa lafiya burinsu, wani kaso na cinikin. Babu ɗaya cikinsu da ake samun ainihinta ta hanyar shuka iri. Duk wata Amistad da ke kan kanta a Landan ko Amsterdam reshe ce daga reshe, har a tuƙe ga shukar nan guda da Uría ya gani. Wato sana'ar gaba ɗaya a kan yankan reshe ta tsayu, aikin da duk mai almakashi zai iya yi a teburin kicin.

Juriyarsu ba ɗaya ba ce. Masu ƙananan ganye da ƙarfin itace, irin waɗanda James Compton ya tattaro a 1991 kusa da ƙauyen Jame a tsaunukan jihar Coahuila, sun saba da daren sanyi, suna iya kwana a waje a kudancin Ingila in ƙasarsu ba ta riƙe ruwa. Masu faffaɗan ganye da kara mai laushi ba su da wannan ƙashin. Akwai kuma masu ajiye abinci a saiwa, irin Salvia patens mai shuɗin fure da ta shigo lambunan Turai a 1838. Mataki na farko ke nan, mutum ya san wacce ce a tukunyarsa, kuma a nan ne masu sayarwa ke da laifi.

Ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, wadda aka kafa a 1804, tana da ma'aunin juriyar sanyi daga H1 zuwa H7. Shukar da aka ba H2 tana jure sanyi amma ba ta jure daskarewa, iyakarta tsakanin digiri 1 da 5. Mai H3 na iya kaiwa digiri 5 ƙasa da sifili, nan ne aka ajiye Amistad. Ma'aunin gaskiya yake faɗa, sai dai lissafinsa ya fi dacewa da shukar da ta kafu a ƙasar lambu. Ɗan katin da ke soke a tukunya sau da yawa ko wannan lambar ba ya kawowa. Zai ce shukar mai dawowa ce kowace shekara, ya nuna hotonta cikin wata kyakkyawar tukunya a bakin ƙofa, ya yi gum a kan abin da zai same ta a wannan tukunyar cikin Janairu.

Abin da zai same ta kuwa sananne ne. Ƙasar lambu tana riƙe ɗumin da ta tara tun lokacin zafi, sanyi ta sama kaɗai yake shigarta, shi ma a hankali. Tukunya kuwa iska na dukanta ta kowane gefe, har ta ƙarƙashi, dare ɗaya mai tsanani ya isa ya mayar da ƙarama dunƙulen ƙanƙara. Saiwa ta fi kara rauni a gaban sanyi, kuma saiwoyin da suka fi ƙuruciya, masu aikin zuƙo ruwa, su ne ke manne da bangon tukunya inda daskarewar ke farawa. Idan ƙanƙara ta taru a jikin shuka sai ta janye ruwan da ke cikin ƙwayoyin halittarta, su yanƙwane ko su fashe. In kuma akwai ganye a sama, iska na ci gaba da busar da shi alhali saiwar ta kasa aiko da ko ɗigo. Ita kanta tukunyar ba ta tsira ba: ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, shi ya sa tukunyar yumɓu da ta sha ruwa kan wayi gari a tsage.

Masu lambu a Amurka suna da wata ƙa'ida ta baka a kan haka. Ma'aikatar gonarsu ta raba ƙasar shiyya-shiyya gwargwadon tsananin sanyi, taswirar baya-bayan nan ta fito a Nuwamba 2023. Ƙa'idar ita ce shukar da za ta kwana a tukunya a waje sai ta kasance mai jure sanyin shiyya biyu gaba da inda mai ita yake zaune. Taswirar ma matsakaicin lissafi ce na shekara 30, ba alkawari ba. Mutanen Teksas sun ga haka a Fabrairu 2021, lokacin da ma'auni ya sauka zuwa kusan digiri 19 ƙasa da sifili a yankin Dallas.

Layi ɗaya a jikin kati zai wadatar: wannan shuka, in a tukunya take, a shigar da ita kafin ƙanƙara. Kamfanin da ya iya buga hoto mai launi ba zai ce wurin rubutu ya yi masa kaɗan ba. Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba, amma a fili yake cewa shukar da ta mutu a Janairu ciniki ce a Mayu, don haka babu abin da ke matsa wa mai sayarwa ya yi ƙarin bayani, sai in masu saye sun fara tambaya.

Duk da haka sanyi ba shi ne ya fi kashe salbiya a Birtaniya ba. Ruwa ya fi shi. A tsaunukan Meziko ruwan sama kan sauka ne daga wajen Yuni zuwa Oktoba, lokacin sanyi kuma ƙasa a bushe take, rana na fitowa tar. Shukar da ta gaji wannan tsari tana iya jure dare mai sanyi muddin saiwarta a bushe take. A Ingila abin a juye yake. Watannin sanyi su ne na yayyafi ba ƙaƙƙautawa, sama a rufe, ƙasar tukunya jagab mako da makonni. Saiwa na bukatar iska, in ruwa ya toshe duk kafofin ƙasa sai ta shaƙe ta ruɓe, ƙanƙara kuma ta zo ta tarar da abin da ya riga ya raunana.

Ga kuma ƙarancin haske. A ranar 21 ga Disamba hasken rana a Landan ba ya kai awa 8, alhali a Kano ranar da ta fi gajarta ma ta haura awa 11. Cikin wannan dusu-dusu salbiya kusan dakatar da aiki take yi, ba ta girma, ba ta shan ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mai lambu mai tausayi ya duba ya ga ganye ya langaɓe, ya ce ƙishi ne, ya ɗauko buta. Sau da yawa langaɓewar alamar ruɓar saiwa ce, ƙarin ruwan shi ne ƙarshenta. Garin neman ƙiba an samo rama.

Gwajin ko tana bukatar ruwa ba shi da wuya. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in ya fito da laima ko ƙasa ta manne masa, a mayar da buta inda aka ɗauko ta. Ko a ɗan ɗaga tukunyar a ji nauyinta, busasshiya tana da sauƙin da hannu ke ganewa nan take. In ta bushe, kofi ɗaya da safe ya isa, a zuba ta gefe, kada ya taɓa gindin kara. A wuri mai sanyi wannan na iya zama sau ɗaya a mako uku ko huɗu. Taki kuwa tun ƙarshen Agusta ya kamata a daina, domin sabon toho mai laushi shi sanyi ke fara kamawa. Farantin da ake sa wa ƙarƙashin tukunya a cire shi, a ɗora ta kan bulo biyu ko uku don ruwa ya samu mafita. Wanda ya gauraya ƙasar da tsakuwa ko yashi mai tsauri tun ranar dashe ya riga ya yi rabin aikin.

Sai maganar masauki. Wurin da ya dace shi ne mai haske, mai sanyi, wanda ba ya daskarewa, wajen digiri 5 zuwa 10: ɗakin gilashi, ko barandar da aka rufe, ko gareji mai taga, ko ɗakin da ba a kunna masa ɗumi. Kafin a shigar da ita a rage tsawonta da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, a tsince matattun ganye, a duba bayan ganye ko akwai ƙwari. Falo shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ɗumin digiri 20 yana gaya wa shukar lokacin girma ya yi, hasken taga kuma bai isa ya ciyar da girman ba, sai ta riƙa fitar da dogayen rassa sirara, fari fat, masu faɗuwa da kansu. Busasshiyar iskar ɗaki kuma ita farin ƙuda da ƙananan ƙwari masu saƙa a bayan ganye ke so.

Turawa sun daɗe da sanin amfanin masauki mai sanyi da ba ya daskarewa. A fadar Versailles kusa da Faris akwai ginin da Jules Hardouin-Mansart ya gina wa Sarki Louis na 14 tsakanin 1684 da 1686 don ajiye itatuwan lemo. Har gobe itatuwa fiye da 1,000 na cikin akwatunan katako, ana fito da su lokacin ɗumi, a mayar da su ciki in sanyi ya gabato. Bangon ginin ya kai kaurin mita 4 zuwa 5, tagoginsa ruɓi biyu ne, yana kallon kudu inda rana take, kuma wannan ya isa ya hana cikinsa daskarewa. Kauri da haske da mafaka daga ruwan sama suka yi aikin.

Wannan ya kawo maganar hita, wadda masu sayar da kayan lambu ke son tallatawa. A Oktoba 2022, ko da tallafin gwamnati, gidaje a Birtaniya na biyan kusan peni 34 kan kowane kilowat ɗaya na awa ɗaya. A wancan farashi, hitar ɗakin gilashi mai ƙarfin kilowat 2 na cin peni 68 a awa. In ta yi awa 5 a dare, fam 3.40 ke nan, cikin dare huɗu ta lashe kuɗin salbiya guda, wadda galibi ake sayarwa fam 10 zuwa 15. Mai tarin tsirrai masu wuyar samu yana da hujjarsa. Mai tukunya biyu ko uku da ya kunna hita saboda su ya mayar da tattali asara, ya kuma ba masu cewa a bar ta ta mutu gaskiya.

Wanda ba shi da ko gareji bai rasa dabara ba. A ja tukunyar a jingina ta da bangon gida, gefen da ke kallon kudu ko yamma, ƙarƙashin bakin rufi inda ruwan sama ba ya isa sosai. Bango na fitar da ɗan ɗumin da ya sha da rana. A haɗa tukwane wuri ɗaya, manya a waje, ƙanana a tsakiya. A naɗe jikin tukunyar da buhun algarara ko leda mai kumfar iska, domin saiwa ake karewa. Saman shukar kuwa farin ƙyalle mara nauyi ake yafa masa a daren da aka yi hasashen daskarewa, a yaye da safe. Leda a kan ganye gumi take tarawa, fumfuna ta biyo baya. Wadda za ta kwana a waje ba a yi mata aski sai Afrilu: tsofaffin rassa na kare gindi, kuma karan wasu nau'o'in rami ne a ciki, in aka datse shi ruwa ya shige ya daskare a tsakiyar shukar.

Masu kumburarriyar saiwa su ne mafi sauƙi. Ƙanƙarar farko ta ƙona ganyen, a datse karan, a kai tukunyar yadda take cikin gareji ko da babu haske, a kusan mantawa da ita har Maris.

Amma duk waɗannan dabaru na ƙoƙarin raya babbar shuka ne, kuma babbar shuka na iya mutuwa ko an bi ƙa'ida. Abin dogaro shi ne yankan reshe, lokacinsa kuma Agusta zuwa farkon Satumba, sa'ad da shukar ke ganiyarta, babu mai tunanin sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da safe, kafin rana ta yi zafi, a nemi reshen gefe da bai ɗauki fure ba, a yanko tsawon santimita 8 zuwa 10. A sa wuƙa mai kaifi a datse daidai ƙarƙashin gaɓa, inda ganye biyu suka fito, domin daga nan saiwa ta fi saurin ɓullowa. A zage ganyen ƙasa, a bar biyu ko huɗu a sama, in manya ne a rage su rabi da almakashi don kada su zubar da ruwan jikin reshen. A cika ƙaramar tukunya da ƙasar shuka da aka gauraya rabi da rabi da yashi, a soka rassa huɗu ko biyar a kewayen bakinta, a ba su ruwa, a kifa farar leda a sama, a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta duka. Bayan mako biyu zuwa huɗu fararen saiwoyi za su leƙo ta ramin ƙasan tukunyar. Wannan 'yar tukunya, da ba ta fi kofin shayi biyu faɗi ba, tana zama a bakin tagar ɗaki mai sanyi har ƙarshen sanyin, kuma kowane reshe cikinta zai yi fure a shekarar da ke tafe.

Manomin dankali a ƙasar Hausa ya san wannan lissafin. Ba ya wahalar raya gonar bara gaba ɗaya cikin rani, ɗan yaɗo yake kaiwa fadama ya lallaɓa shi har damina ta faɗi, ya yanka ya dasa.

Masu cewa wahalar ba ta kai ba suna da abin faɗa, kuma wani ɓangare nasa gaskiya ne. Jar salbiyar nan 'yar Barazil, Salvia splendens, da ake jerawa a shataletale da lambunan gwamnati, daga iri ake samar da ita da arha, babu dalilin ba ta masauki. Tsohuwar shuka da ta shekara huɗu ko biyar a tukunya ɗaya takan zama itace, fure ya ragu, sabon reshe ya fi ta kyau nesa ba kusa ba. Mazaunin bene a tsakiyar Manchester da ko wurin shanya ba ya isar sa ba zai cika ɗakinsa da tukwane ba. Sai dai duk wannan hujja ce a kan ajiye babbar shuka. Ba ta taɓa yankan reshe ba, wanda kuɗinsa bai wuce ƙasa cikin tafi biyu ba.

Akwai kuma baƙin da kan bi tukunya su shiga ɗaki. Mafi sharri wata farar tsutsa ce mai jan kai, a lanƙwashe, 'yar wani ƙwaro da ke gutsurar gefen ganye da dare. Tun kaka har ƙarshen sanyi tana cikin ƙasa tana cin saiwa, mai lambu bai sani ba sai ranar da ya taɓa shukar ta tuge a hannunsa. Zazzage tukunyar a duba kafin a shigar da ita ya fi kowane magani. Fumfuna mai launin toka kuma iska ce maganinta, a buɗe taga da rana duk lokacin da sanyi ya sassauta.

Doka ma ta shigo maganar. Amistad da Wendy's Wish duk suna ƙarƙashin kariyar haƙƙin masu samar da sabon iri. A Birtaniya da Tarayyar Turai dokar ta hana yaɗa su don sayarwa ba tare da izini ba, amma ta ƙyale wanda ya yanki reshe don lambun gidansa. A Amurka abin ya fi tsauri: dokar mallakar tsirrai da ta faro a 1930 ta ba mai shukar kariyar da a yanzu ta kai shekara 20, ba ta kuma ware mai lambun gida ba, ko da yake kula da shukar da mutum ya saya har ta ga wata shekara ba laifi ba ne a ko'ina. Najeriya ita ma ta samu dokar kare sababbin iri a 2021, don haka masu sayar da furanni a bakin titin Abuja da Jos za su ci karo da irin wannan magana ko ba jima ko ba daɗe.

Dalili mafi nauyi na riƙe abin da ke hannu ya wuce aljihu. Kaso mai yawa na tsirran da ake sayarwa a Birtaniya daga ƙetare suke zuwa, musamman ta Holan, kuma cuta a tukunya take tafiya. A 2013 aka gano ƙwayar cutar Xylella a yankin Puglia na kudancin Italiya, inda ta hallaka miliyoyin itatuwan zaitun. Cikin tsirran da ke iya ɗaukar ta har da rosemary, wadda masana suka mayar cikin dangin salbiya a 2017, kuma tsoron cutar ne ya sa Birtaniya ta tsaurara sharuɗɗan shigo da ita. Duk shukar da ta tsallake sanyi a garejin mai ita, tukunya ɗaya ce da ba sai an loda a mota an tsallako da ita teku ba. Furen da ke kaiwa Oktoba da Nuwamba kuma abinci ne ga ƙudan zuma a lokacin da sauran lambu ya rufe, kuma shukar da ta kwana da saiwarta ta fi saurin kai wa ga fure.

Hausawan da ke zaune a Ingila ko Kanada, masu lallaɓa ɗoɗɗoya da shuwaka a tukunya saboda miya, sai su lura da bambanci ɗaya. Ƙa'idar rage ruwa da yankan reshe ta shafe su, amma waɗannan 'yan ƙasar zafi ne sosai, garejin digiri 5 da salbiya ke jin daɗinsa zai baƙanta musu ganye. Su tagar ɗaki mai ɗumi suke bukata.

Saura haɗarin ƙarshe, wanda ke zuwa bayan an ɗauka an gama. Rana ta fito kwana biyu a Afrilu, mai lambu ya kwashe tukwane ya jera a tsakar gida, dare ɗaya ya shafe aikin wata biyar. Manoman Faransa suna da ranakun 11 da 12 da 13 ga Mayu da suke kira ranakun waliyyan ƙanƙara, ba sa fitar da shuka mai rauni sai sun wuce. A Ingila da yawa kan jira ƙarshen Mayu, lokacin baje-kolin furanni na Chelsea. Kafin nan sai an saba wa shukar da waje, a fitar da ita da rana a mayar da dare har kimanin mako biyu. A lokacin ne ake askin gaske, a datse kowane reshe zuwa inda sabon toho mai ƙarfi ya fito, a kwashe ƙasar sama a zuba sabuwa ko a sauya tukunya, sannan a koma ba da ruwa da taki sannu a hankali.

Wadda ta yi kama da matacciya ma ba a yi mata gaggawa. A kankare ɓawon kara da farce kusa da gindi, in an ga kore da laima tana da rai. Amistad musamman tana da nawar tashi, takan kai ƙarshen Mayu ba ta nuna komai ba. Wani lokaci ma tana tohowa, dodon koɗi da ɗan'uwansa mara ɓawo ne ke bi da dare suna aske tohon tun bai kai tsawon farce ba, mai ita ya duba da safe ya ga ƙasa fayau, ya zazzage tukunyar a bola da saiwarta lafiya lau. Irin wannan tukunya a ɗaga ta kan benci inda ba za su kai gare ta ba, a ba ta har farkon Yuni.